HAKKIN NA ƘASA A KAN NA SAMA A SHA'ANIN RUWA



Ya 'yan'uwa Musulmi, ga tambaya: wanda ruwa ya fara isa gare shi, ya halatta ya tsare shi, na ƙasa da shi ya rasa? Mu mutanen Mafara da Bakura da Maradun ba sai mun je nesa neman misali ba, ga Bakolori nan kusa da mu.

Ku fara duba yadda Allah Ya tsara gulbi. Da damina Gulbin Sakkwato yakan cika ya malala cikin fadama, ya zubar da laka, lakar nan kuwa ita ce takin shinkafa da dawa. A cikin wannan malala kifi ke shiga ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yansa su girma kafin ruwa ya janye. In ya janye, ƙasa ta riƙe danshi, rijiyoyi ba su yi zurfi ba, a shuka albasa, ciyawa ta tsiro wa shanun Fulani da rani, shanun su bar kashinsu a gona. To, ka gani, manomi da masunci da makiyayi duk a kan ambaliya ɗaya suke rayuwa, ko sun sani ko ba su sani ba. Wannan yana daga cikin ma'aunin da Suratur Rahman ta hana mu ƙetarewa.

A 1978 aka gama madatsar Bakolori, kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta. Ba mu ce madatsa haramun ba ce. Noman rani alheri ne, kuma mutane da yawa suna ci daga gare shi. Amma da aka tsare ruwa a sama, ambaliya ta ragu a ƙasa, shinkafar fadama ta ja baya, wasu suka koma gero, kifi ya yi ƙaranci. Waɗanda ruwa ya cinye gonakinsu da gidajensu suka tashi neman diyya, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka kashe manoma da yawa. Allah Ya jiƙansu. Wallahi jinin Musulmi ya fi kowane siminti daraja.

Shari'a ba ta bar wannan mas'ala ba. Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa hukuncin Manzon Allah (S.A.W.) game da ƙoramun Madina: na sama ya shayar da gonarsa har ruwa ya kai idon sawu, sannan ya sake shi ga na ƙasa. Wato an ba na sama fifikon farawa, amma an yi masa iyaka. Wani zai ce ai wannan ƙorama ce, madatsa kuwa maslahar jama'a ce. Sai mu ce, na ƙasa ba jama'a ba ne? Ƙa'idar malamai ita ce ba a gusar da cuta da cuta irinta. Don haka wajibi ne a kan hukuma ta riƙa sakin ruwa a lokacin da fadama ke bukatarsa, ta kuma sanar da mutane kafin ta saki, kada ya zo ya share shukarsu.

Mu ma talakawa akwai namu. Wanda gonarsa ke bakin magudana, ya toshe ta da dare don maƙwabcinsa na ƙarshe ya kwana babu ruwa, shi ma wannan hukunci ya hau kansa. Wanda ya zuba maganin ƙwari a ruwa don ya kwashi kifi, ya kashe har da ƙwai, ya kuma cuci mai sha. Sannan in kifi ya ɓace, sai ka ji jahili yana cewa aljanun ruwa ne suka yi fushi, a je a yanka musu bunsuru. Subhanallahi! Yanka don wanin Allah shirka ne, kuma ba zai mayar da kifi ko ɗaya ba. Sababin yana nan a fili: an hana ruwa isa inda kifi ke haihuwa.