Harafi Ɗaya A Cikin Jini

Ya kai ɗan'uwa matashi, ranar da ka fita neman aure za ka ga dattawa sun zauna bincike. Ɗan gidan wa ne? Kakansa ba mahauci ba ne? Babu bauta a danginsu? Sai a yi mako ana tonon asali. Amma abin da yake cikin jinin da gaske, wanda zai bi 'ya'yanka har gadon asibiti, da wuya ka ji mai tambayarsa.

A cikin ƙwayoyin jikinka akwai rubutun gado wanda ka karɓo daga uwa da uba. Haruffansa huɗu ne kacal, A da C da G da T, an jera su kusan biliyan 3. Idan aka gwama rubutun mutum biyu, ko ɗan sarki da ɗan maƙeri, a cikin kowane harafi 1000 kusan ɗaya ne yake saɓawa. Wannan saɓani na harafi ɗaya shi ne masana suke taƙaita sunansa da SNP. Mafi yawansu ba su sa kome ba su hana kome. Waɗansu suna da hannu a launin fata ko tsawo. Akwai wanda ke sa babba ya sha madara cikinsa bai ɓaci ba, kuma irin na Turawan arewa shi aka samu a jikin Fulani da yawa. To ina abin alfahari a nan?

Sai dai akwai harafi ɗaya da ya shafe mu ƙwarai. A wurin da aka rubuta yadda za a gina sinadarin da ke ɗaukar iska cikin jan jini, inda A ya kamata ya zauna sai T ya zauna. Shi ke nan. Wanda ya gaji wannan ta wajen uwa da uba duka, watau SS, ƙwayar jininsa takan lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Wannan shi ne amosanin jini, sikila. Wanda ya gaje shi ta gefe ɗaya, AS, lafiyarsa lau, har ma tun 1954 likita Anthony Allison ya nuna cewa yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa ya yawaita a ƙasarmu, kusan mutum ɗaya cikin huɗu. Saboda haka AS ba aibi ba ne.

Matsalar tana wurin haɗuwa. AS ya auri AS, kowane ciki yana da hatsarin ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Ka lura, kowane ciki na ce. Ba layi ake bi ba, ana iya jera uku.

Na san abin da za ka ce: Malam, wannan ba rashin tawakkali ba ne? A'a. Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, yana kan hanyar Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da jama'arsa, bai kuwa fita daga ƙaddara ba. Kai ka fi shi tawakkali ne?

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. A 2024 Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure, amma doka ba ta shiga zuciya. Saurayi ya san shi AS ne, yarinya AS ce, so ya rufe masa ido, ya ɓoye ko ya nemi takardar jabu. Wannan ha'inci ne, kuma ba shi zai biya ba. Yaro ne zai kwana yana ihu da ciwon ƙashi, uwarsa kuma a ce tana wabi, a ja ta wurin boka ya ce mayu ne, a haɗa ciwo da shirka.

Mai SS kuwa kada ka guje shi. Idan ya auri AA, babu SS a cikin 'ya'yansa.

Gwajin ɗan jini kaɗan ake ɗiba. Ka je ka yi tun ba ka fara zuwa zance ba, kada ka bari sai an kai lefe. In sakamakon ya ba ka shakka, sake shi a wani asibitin, sa'an nan ka kai wa waliyyinta takardar da hannunka.