Wai Tsautsayi Ne

Ƙanwata da ke makarantar koyon aikin jinya ta zo hutu. Ranar nan muna tsakar gida ina tsintar shinkafa, sai na ga ta kama ɗana tana leƙa bayan kunnensa, har da ɗaga masa riga. Na ce, "Ke lafiyarki kuwa?" Ta yi dariya ta ce, "Yaya, abin ne ya zame mini jiki, haka ake koya mana."

Ta zauna ta warware mini. Yaro mai guje-guje in ya ƙuje a gwiwa ko ƙauri ko goshi, ba komai ba ne, kowa ya yi. Amma shata a kunne, ko wuya, ko ciki, ba nan faɗuwa ta saba taɓawa ba. Jaririn da ko rarrafe bai fara ba kuwa, ina ya je ya bugu? Ƙunar ruwan zafi ma iri biyu ce. In tukunya ce ta kife, za ki ga ƙunar ta fantsama nan da can. In tsoma hannun aka yi, bakinta a miƙe yake kamar an sa safa. Sai ciwon da ya kwana uku a gida kafin a kawo shi asibiti, da labarin da uwa ta faɗa daban, uba ya faɗa daban.

An kuma ja musu kunne kada su ruɗe da shatar ƙahon wanzami, kada su mai da talauci laifi. Gidan da babu, kowa ramewa yake. Inda ake tsayawa a duba shi ne gidan da 'ya'ya huɗu ke sheƙi, 'yar riƙo ita kaɗai ta bushe.

Su kansu Turawa ba da wuri suka farga ba. A 1962 wani likitan yara a Amurka, Henry Kempe, shi da abokan aikinsa suka rubuta ƙarara cewa wasu karayun da ake kawowa, hannun na gida ne. Mu nan Najeriya an yi dokar kare haƙƙin yara a 2003, Kano ta sa hannu a tata a 2023.

To amma 'yan uwana mata, doka ba ta da ido. Idon na yarinya ce 'yar shekara ashirin mai farin kaya, ga Hajiya sa'ar uwarta a gabanta tana cewa tsautsayi ne. Mu kuwa an raine mu da kunya da rufin asiri, an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma tanƙwarawa aka ce, ba a ce a karya ba. Kuma rufin asirin nan, asirin wa ake rufawa? Na babba ne. Yaron dai a buɗe ake mai da shi gidan da ya fito.

Ƙanwata ta ce ba a ce su yi shari'a ba. Ta tambaya cikin ladabi, "Mama, yaya abin ya faru?" Ta rubuta abin da ta gani da abin da aka faɗa, ba ƙari ba ragi, ta kai wa sista da likita. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Ta ce, "Yaya, ke za ki iya?"

Wallahi sai na yi shiru. Wata shekara akwai 'yar aikin da aka kawo wa maƙwabciyata daga ƙauye, ba ta fi shekara tara ba. Ta shigo aron turmi, hannunta naɗe da tsumma. Na kwance, na tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce ruwan zafi ne ya zubo mata. Na shafa mata magani, na ba ta alewa, na ce ta riƙa kula. Ban ce wa kowa komai ba, don kada zaman maƙwabtaka ya ɓaci. Bakin ƙunar nan a miƙe yake, daidai wuyan hannu.