Hasken kan icce da tsutsar cikin laka

Duk wanda ya yi ƙuruciya a karkara ya san maƙesu, ɗan ƙwaron nan da ke yawo da wuta a gindinsa cikin daren damina, a bakin gulbi ko a fadama. A ƙasar Hausa ɗai-ɗai ake ganinsa, ya ƙyasta nan, ya ɓace, ya sake ƙyastawa can. Amma a kudu maso gabashin Asiya, a ƙasashe irin su Malesiya da Tailan, akwai wani jinsinsa da halinsa ya sha bamban. A can, inda koguna ke faɗawa teku har ruwan daɗi ya gauraya da na gishiri, akwai wani kurmi da itatuwansa ke tsaye cikin laka. Teku ta ciko ta rufe saiwoyinsu, ta janye ta bar su a fili. Shi ne kurmin da ake kira mangrove da Faransanci. Idan magariba ta wuce, dubban maƙesu kan taru a kan icce guda, su riƙa kunna wutarsu suna kashewa a lokaci ɗaya, sai ka ce hannu guda ne ke sarrafa su duka.

Wannan abin mamaki ya sa mutane na tsallaka ƙasashe domin su kashe ƙwarƙwatar idonsu. A ƙauyen Kampung Kuantan da ke gaɓar kogin Selangor, arewa maso yamma da birnin Kuala Lumpur, tun cikin shekarun 1970 mazauna wurin ke ɗaukar baƙi cikin kwalekwale su kai su kallo, kuma gidaje da dama da wannan sana'a suke ci. To, a nan tambaya ke tasowa, wadda ta shafi ɗabi'a fiye da yadda ta shafi ƙwari: wanda ya ci moriyar kyan abu, da ido ko da aljihu, me ake bin sa? Shin sha'awar da ya yi ta isa ta zama biyan bashi?

Tarihin binciken maƙesu ya nuna yadda idon ɗan Adam ke da son kallon sama. A shekarar 1690, wani likita Bajamushe mai suna Engelbert Kaempfer, wanda ke aiki da kamfanin cinikin Holan, ya ratsa ƙasar Siyam, wato Tailan ta yau, ya ga itatuwan bakin kogi suna walƙiya a tare, ya rubuta labarin. Masana da yawa ba su gaskata irin wannan labari ba. Har a shekarar 1917, wani mai suna Philip Laurent ya rubuta cikin mujallar Science ta Amurka cewa ƙwarin ba su da hannu a cikin al'amarin, ƙiftawar fatar idon mai kallo ce ke ruɗinsa. Sai a 1965 John Buck da matarsa Elisabeth suka je Tailan da na'urar auna haske, suka shiga kogi kusa da Bankok, suka tabbatar da cewa abin gaskiya ne. Maza ne ke haɗa walƙiyar domin jawo mata, kuma babu shugaba a cikinsu: kowane yana daidaita tasa ne da ta maƙwabtansa. Tun kafin haka, cikin shekarun 1880, Bafaranshe Raphaël Dubois ya riga ya raɗa wa sinadaran da ke haifar da irin wannan haske marar zafi suna, wato luciférine da luciférase. Ƙarni kusan uku ke nan hankalin masana yana kan hasken da ke bisa icce, ba kasafai ake samun mai sunkuyawa ya dubi abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Alhali kuwa rayuwar ƙwaron a ƙasa take. Jinsin da ke kogin Selangor, wanda masana ke kira Pteroptyx tener, yana taruwa ne galibi a kan iccen da mutanen Malesiya ke kira berembang, mutanen Tailan kuma lamphu. A kan iccen ake neman aure kawai. Da zarar an yi barbara, macen kan sauka ta je ta zuba ƙwai cikin danshin ƙasar gaɓa. Daga ƙwan nan tsutsa ke fitowa, ta yi watanni tana rarrafe cikin laka da ruɓaɓɓen ganye, tana farautar ƙananan dodon koɗi. Takan kafa wa dodon koɗi baki, ta zuba masa wani ruwa da ke kashe masa jiki ya kuma narkar da namansa, sa'an nan ta tsotse. In ta ƙoshi ta girma, sai ta kwanta cikin ƙasa ta rikiɗe, ta fito da fukafukai. Daga ƙwai zuwa mutuwa wajen rabin shekara ne, amma kwanakin walƙiya a kan icce ba su wuce makonni kaɗan ba. Ashe abin da baƙo ke biyan kuɗi ya gani shi ne ƙarshen labari, shi ne ranar biki. Wahalar da ta kai ga bikin a cikin taɓo aka sha ta, inda babu mai tafi.

Saboda haka ƙidayar maƙesu iri biyu ce. Ta farko ita ce ta kan ruwa. Masu bincike kan zaɓi daren da babu farin wata, su shiga jirgi su bi gaɓa sannu a hankali, su rubuta wurin da kowane icce mai walƙiya yake da irinsa, su kiyasta yawan ƙwarin da ke kansa, su kamo kaɗan da raga domin a tantance jinsinsu, su auna gishirin ruwa. Cibiyar binciken gandun daji ta Malesiya ta fara, a shekarar 2006, ɗaukar hotunan itatuwan kogin Selangor cikin dare, wata bayan wata, daga wurare sanannu, kwamfuta tana ƙirga ɗigon hasken da ke cikin kowane hoto. Ƙidaya ta biyu kuwa ita ce ta cikin laka. Sai an jira ruwa ya janye, a sauka gaɓa, a shata ɗan fili mai kusurwa huɗu, a durƙusa a riƙa ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya, ana ƙirga tsutsa, ana ƙirga dodon koɗin da take ci. Sauro na cizo, ƙafa na nutsewa, kuma sau da yawa a tashi da abin da bai cika tafin hannu ba. Tsutsar ma tana da nata ɗan haske, amma mai rauni ne ƙwarai, babu mai hayar kwalekwale dominsa.

Bambancin ƙidayoyin nan biyu ya wuce na wahala. Hasken da aka gani a daren yau labari ne na lakar watannin baya. Ana iya nome gaɓa a yau, a fesa maganin ƙwari, tsutsa ta ƙare ƙaf, amma itatuwa su ci gaba da walƙiya har makonni, domin waɗanda suka riga suka yi fukafukai suna nan. Mai ƙirga haske zai koma gida ya ce lafiya lau. Ranar da icce zai yi duhu, an daɗe da yin ɓarnar, kuma ba sauran abin da za a ceto. Mai ƙirga tsutsa shi ke jin labari tun da sauran lokaci. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, amma rigakafi ba ya yiwuwa ga wanda bai san inda cuta ke shiga ba.

Abin da ya faru a Amphawa, a kan kogin Mae Klong na ƙasar Tailan, ya isa misali. Da kasuwar kan ruwa ta garin ta yi suna cikin shekarun 2000, sai jiragen inji suka yi ta safarar ƴan yawon buɗe ido zuwa kallon maƙesu. Igiyar ruwan da jiragen ke tayarwa ta riƙa zaizaye gaɓa, itatuwa suka faɗi, lakar da tsutsa ke zama ta tafi. Fitilun masaukai da na gidajen abinci suka dusashe walƙiyar da namiji ke kiran mace da ita. Har an ba da labarin mazaunan da ƙarar injuna ta hana su barci, suka sare itatuwan da ke gaban gidajensu domin jirage su daina tsayawa. Babu ko ɗaya daga cikin baƙin nan da ya zo da mugun nufi. Dukansu so ne ya kawo su. Ga shi kuwa son ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka yi ɓarna. Wani nazari da Sara Lewis da abokan aikinta suka wallafa a 2020, bayan sun tambayi masana na sassan duniya, ya jera manyan haɗurra uku da ke fuskantar maƙesu, waɗanda jinsinsu ya haura 2,000: lalacewar mazauni, hasken lantarki cikin dare, da magungunan ƙwari. Duka ukun aikin hannun mutum ne.

Darasin da ke cikin wannan shi ne cewa sha'awa ba ta tambayar asali. Mai sha'awa yana iya yarda a kare layin itatuwan da ke bakin ruwa, domin su yake gani, ya kuma kawar da kai idan aka share ƙasar da ke bayansu aka shuka kwakwar manja ko aka haƙa tafkunan kiwon jatan lande. A ganinsa an kiyaye maƙesu, tun da ga icce nan tsaye. Hakan kuwa daidai yake da a gyara zauren biki a rushe ɗakin haihuwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda ya karɓi daɗin haske ya ɗauki nauyin laka, da dodon koɗi, da duhun dare, ko da babu ɗaya daga cikinsu da ke ba shi sha'awa.

Mai hankali na iya kawo suka, kuma sukar tana da nauyi. Manomin da ke gaɓar Selangor yana da ƴaƴa. Filin da masani ke kira mazaunin tsutsa, shi gonarsa yake kiransa. Birnin Kuala Lumpur na buƙatar ruwan sha, shi ya sa aka gina madatsa a kan kogin a farkon shekarun 2000, duk da fargabar da aka nuna cewa raguwar ruwan daɗi za ta bari gishirin teku ya hauro. Da wane baki za a ce wa mai ƙishirwa ya haƙura saboda ƙwaro? Ba za a ce masa haka ba, kuma ƙidaya ba ta da'awar cewa tsutsa ta fi mutum. Aikinta shi ne ta hana a yanke hukunci alhali ɗaya daga cikin masu shari'a bai halarta ba. Manomi na da baki, kamfani na da lauya, birni na da wakilai a majalisa. Tsutsa ba ta da kowa sai wanda ya durƙusa ya ƙirga ta. Bayan an ji shaidarsa, al'umma na iya zaɓar gona ko madatsa, amma za ta zaɓa ne ido buɗe, ta san farashin da ta biya, ta kuma san cewa matuƙin kwalekwale, wanda shi ma uba ne, yana cikin masu biya.

Akwai kuma wani amfani da ya shafi amana tsakanin iyaye da jikoki. Kowane zamani kan ɗauka cewa abin da ya tarar shi ne daidai. Yaron da ya tashi ya ga icce goma suna walƙiya zai yi murna, ba zai san cewa kakansa ɗari ya gani ba. Idan tsoho ya faɗa, a ce tsufa ne ke ƙara wa labari gishiri. Da haka dukiya ke zurarewa ba tare da kowa ya ji zafin rashi ba. Littafin mai ƙidaya, da kwanan wata da wuri da adadi, shi ke tsayawa tsakanin al'umma da irin wannan mantuwa.

Sai dai ita ma ƙidayar ba ta tsira daga tambaya ba. Ƙafar mai bincike na iya take abin da ya zo nema, tocilarsa na iya ɓata daren da ya zo aunawa, don haka aikin na son taka-tsantsan. Daɗin daɗawa, adadi ba ya hana komai da kansa. Idan aka yi shekaru ana rubuta raguwa, hukuma ba ta motsa ba, mai ƙidaya ya koma magatakardan makabarta. Abin da ke ba lissafi daraja shi ne aikin da ya biyo bayansa, kuma an ga kaɗan daga ciki. A 2009 jihar Selangor ta ayyana wani yanki na gaɓar kogin a matsayin wurin kariya. A 2010 masanan da suka taru a jihar suka fitar da Sanarwar Selangor kan kiyaye maƙesu, wadda ta ɗora muhimmanci a kan kare mazauninsu. A 2018 ƙungiyar UICN ta kafa kwamitin ƙwararru na musamman a kansu, daga baya kuma aka sanya Pteroptyx tener cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana. A Kampung Kuantan kuwa, an zaɓi kwalekwalen da ake tuƙawa da hannu, ana kuma roƙon baƙo kada ya haska fitila ko ya kama ƙwaro.

Waɗannan matakai ba su kawo ƙarshen matsala ba, domin doka a takarda daban, kiyaye ta a bakin kogi daban. Amma sun nuna cewa mutum na iya koyon ladabin kallo: ya rage gudu, ya rage haske, ya bar wa laka wurinta. Amsar tambayar farko ke nan. Abin da ake bin mai kallo shi ne ya nemi sanin abin da kyan nan ya dogara a kai, ya yarda a kashe kuɗi da lokaci a wurin da ba za a ɗauki hoto ba, ya kuma saurari mai ƙidaya tun itatuwa na walƙiya, lokacin da maganarsa ta fi wuyar gaskatawa.