Wa Ke Kwana da Tsohuwa?

Ɗana, akwai wata magana da muke yawan yi a majalisa da alfahari: wai mu ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu kamar yadda Turawa ke yi. Gaskiya ce, kuma abin godiya ne. Amma duk wanda na ji ya faɗe ta sai in so in ja shi gefe in tambaye shi: daren jiya, da tsohuwa ta yi kira za ta kewaya, wa ya tashi? Wa ya wanke zanen, wa ya dama kunun, wa ya zauna yana lallashi har ta haɗiye ƙwayar maganin? Sau da yawa mai alfaharin yana Abuja ko Legas ko Jidda. Abin da ke zuwa daga gare shi alat ne a ƙarshen wata, da kiran waya ranar Juma'a: "Hajiya, ya jikin?" Allah Ya saka masa, kuɗi ma jinya ne. Sai dai jinyar ta ainihi tana wuyan mutum ɗaya, kuma kusan kullum mace ce: ko matar ƙaninka da ke zaune a gidan gado, ko ƙanwarka da aurenta ya mutu, ko wata jika 'yar shekara 12 da aka ce ta je ta riƙa taya Kaka kwana.

Bari in fara da surukar, don ita aka fi zalunta ba tare da an san ana yi ba. Malamanmu na fiƙihu ba su ɗora wa mace hidimar iyayen mijinta a matsayin wajibi ba. In ta yi, kyautatawa ce da zaman tare. Wajibin yana kan 'ya'yan. A Muhtasar na Shaihu Halilu, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da shi, an bayyana cewa ciyar da iyaye marasa hali yana kan ɗan da yake da hali, ana raba nauyin tsakanin 'ya'yan, kuma har ciyar da mai yi wa iyayen hidima yana ciki. Ka ga ke nan tun da can an san tsoho yana buƙatar mai hidima, an kuma san cewa mai hidimar nan yana da ciki da buƙata. Mu ne muka zo muka mayar da aikin kyauta, muka ƙara da gori. Matar da ta shekara uku tana ɗaga mahaifiyarka tana kwantarwa, bayanta ya ƙage, sana'arta ta mutu, in ka zo hutun Sallah sai ka shiga ɗakin ka yamutsa fuska ka ce yana zarni. Ka ji tsoron Allah. Ka yanka mata wani abu duk wata, nata na kanta, daban da kuɗin magani. Ku tsara kwanaki tsakaninku, ta samu ta je biki, ta je ganin gida, ta yi barci cikakke. Mai jinyar da ta gaji ita ce ke tsawa, ita ce ke fizgar hannu, kuma ba mugunta ce ta kawo haka ba.

Ita kuwa yarinyar da aka cire daga makaranta, babu wata lada da za ka nema wa kanka da ƙuruciyarta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas. Dokar haƙƙin yara ta tarayya tana nan tun 2003, Kano ma ta sa hannu a tata a 2023. Ko babu doka, hankali ya isa: yarinya ba za ta iya cicciɓar babba ba, ba ta san adadin magani ba, in tsohuwa ta faɗi da tsakar dare kuka kawai za ta yi. Ta yi wa Kaka hira, ta miƙa mata ruwan alwala, ta tafi makaranta da safe.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Tsufa yana zuwa da wani ciwo da muke kira gigin tsufa. Tsohuwa ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba. Ta ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa ta manta, ta ce surukarta ta sace. Ta ɗaura ƙunshinta da magariba ta ce za ta gida, alhali a ɗakinta take, gidan da take nufi na iyayenta ne da aka rushe tun tuni. Ta kira ka da sunan ƙaninta da ya rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan larura sun haura miliyan 55 a duniya, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer ce ke jawo ta. Ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa sannu a hankali, kamar yadda ido ke yin yana. Amma mu sai mu ce ta zama mafaɗaciya, ko mu ce jifa ne, ko kuma, wanda ya fi kowanne muni, a ce mayya ce. Tsohuwa ta ɓace hanya ta faɗa wata unguwa, yara su zagaye ta, a tambaye ta ko ita ta kama kurwar wane, ta ce e, don ba ta san me ake tambaya ba. Gidaje sun watse a kan zargin satar da mara lafiya ta yi, an saki mata a kan maganar da mai ita ba za ta tuna ta da la'asar ba.

In ka ga alamun nan, kar ka yi musu da ita, ba za ka ci ba. In ta ce za ta gida, ka ce to Hajiya bari mu sha shayi tukun. Ka ɗinka mata lambar wayarka a jikin mayafi, ka sanar da maƙwabta da mai shagon bakin layi. Kar a ɗaure ta, kar a kulle ta ita kaɗai. A yi addu'a, a yi tofi, a kuma kai ta asibiti. Musamman in ruɗewar ta zo farat ɗaya, jiya lafiya lau yau ba ta gane kowa: wannan sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko suga ya sauka, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani da bai karɓe ta ba, kuma ana warkewa. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano da Dawanau, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin uwarka ta haukace. Wanda kuma hawan jini ya kayar, ɓarin jiki ya shanye, a riƙa juya shi kamar duk bayan awa biyu, a tsane masa jiki, don gyambon kwanciya yana saurin ɓullowa a ƙugu da diddige, kuma wuyar warkewa gare shi.

Za ka ce ina gwamnati? Tambaya ce mai kyau, kuma ka riƙa yin ta da ƙarfi lokacin zaɓe. Fanshon da aka sake wa fasali a 2004 na ma'aikata ne. Manomi da ɗan tireda da mai ƙosai tsufansu a hannun 'ya'yansu yake. Cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a ƙasar nan sai a 2012 aka buɗe ta, a asibitin koyarwa na Ibadan. Dokar kafa cibiyar tsofaffi ta ƙasa an sa mata hannu a 2018, ba ta fara aiki ba sai 2021. Abin bai taka kara ya karya ba. Japan ma da can surukai ne ke ɗauke da jinyar tsofaffi, har nauyin ya fi ƙarfin gidaje. A shekarar 2000 suka kafa inshorar jinya, wanda ya kai shekara 40 ya fara biya, in tsufa ya kayar da mutum a turo masa mai taimako har gida. Ba su jefar da iyayensu ba, sun dai yarda cewa mace ɗaya ba za ta iya ba.

Amma ɗan abin da ke akwai ɗin ma ba ma nema, girman kai ya hana. Dokar lafiya ta 2014 ta ware asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma tsofaffi marasa hali suna cikin waɗanda aka yi shi dominsu. Ana rajista ta hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, irin KSCHMA a Kano. Ka je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku ka tambaya, ka tafi da lambar NIN ɗin Hajiya. Manyan asibitoci suna da ofishin walwala, aikinsu ke nan duba wanda kuɗin magani ya gagara. Kano na da hukumar zakka da hubusi, Sakkwato na da ta zakka da waƙafi. Wani lokaci za ka yi sawu a banza, a ce ka dawo gobe. Ka koma.

Gidan gajiyayyun ma da muke kushewa, muna da shi a Shahuci cikin birnin Kano, kamar yadda muke da gidan marayu a Nassarawa. Waɗanda ke ciki ba daga sama suka faɗo ba: wadda ba ta haihu ba, wanda ya zo ci-rani tun yana saurayi ya tsufa a rumfar kasuwa, wadda 'ya'yanta suka riga ta. Kuma a kowace unguwa akwai irinsu da ba su kai ga can ba, suna wani ɗaki a zaure, sai maƙwabciya ta tuna ta aika da tuwo. In ka san irin wannan, ka kai maganarta ga mai unguwa da liman, a sa ta cikin lissafin zakkar masallaci, a samu gidaje uku ko huɗu su raba kwanakin abincinta, a samu mai leƙa ta kowace safiya.

Kai kuma, kafin Hajiya ta kwanta, tun tana iya magana da bakinta, ka tara 'yan'uwanka maza da mata a ɗakinta. A tambaye ta inda take so ta zauna da wadda take so ta riƙa yi mata wanka. A rubuta wa zai kawo nawa, wa zai kwana yaushe, wa zai riƙe katin asibiti. Ku kira surukar nan cikin zaman, ku bar ta ta fara magana.