WA ZA A BA AJIYA?

Hausawa suna cewa, ba a ba kura ajiyar nama. Amma kura ba ta ɓoye halinta. Mutum ne yakan sa babbar riga, ya rantse, ya karɓi ajiya, ya cinye.

Dubi abin da ke faruwa a tsakaninmu. Ɗan ci rani a Abijan ya aiko wa tsohuwarsa jika 10 ta hannun ɗan garinsu, jika 8 suka iso. Mai awon hatsi yana da tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. An ba makiyayi kiwon akuya, ya kai ta kasuwa, ya ce ta ɓata. Ba wanda ya gani. Amma Allah ya gani, ya kuwa ce ma'aunin algus abin ƙyama ne a gare shi (Karin Magana 11:1).

Ga wani labari daga Littafi Mai Tsarki. A zamanin Sarki Yowash, Haikalin Allah a Urushalima ya tsattsage. Sarki ya umarci firistoci su gyara shi da kuɗin da jama'a suke kawowa. Har shekara ta 23 ta sarautarsa ba su gyara ba. Sai Yehoyada firist ya ɗauki akwati, ya huda murfinsa, ya ajiye shi kusa da bagade, aka riƙa zuba kuɗin a ciki. In ya taru, a ƙirga, a ba shugabannin aiki su biya magina da masassaƙa. Ba a taɓa neman lissafi a hannun shugabannin nan ba, gama masu amana ne (2 Sarakuna 12). Ba a rubuta sunayensu ba, amma Allah ya sa an rubuta halinsu.

Ka gani, muƙami ba ya ba mutum amana, ko da na addini ne. Mai amana shi ne wanda aikinsa a ɓoye da a sarari ɗaya ne. Yesu Almasihu ya koyar cewa wanda ya riƙe ƙaramin abu da gaskiya zai riƙe babba, wanda kuma ya ha'inci a ƙarami zai ha'inta a babba (Luka 16:10). Ashe, dala ɗaya ta isa ta gwada mutum.

Mai karatu, kai fa? Alkawari kaya ne, nawa ka sauke? Ranka, da lafiyarka, da iyalinka, duk ajiyar Allah ce a hannunka, ranar lissafi kuwa tana zuwa. A gabansa ba wanda zai ce bai taɓa cin amana ba, gama duk mun yi zunubi (Romawa 3:23).

Amma ga albishir. Bitrus ya yi alkawari zai bi Yesu ko da za a kashe shi, a daren nan kuwa ya yi musun saninsa har sau uku. Yesu ya mutu a kan gicciye saboda zunubanmu, ya tashi a rana ta uku, ya nemi Bitrus. Bai kore shi ba. Sau uku ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, sa'an nan ya ba shi kiwon tumakinsa, wato jama'arsa (Yahaya 21:15-17). Wanda ya ci amana ya sami gafara, ya zama amintacce har mutuwarsa.

Haka Yesu zai yi maka. Ka furta masa zunubinka, ka ba da gaskiya gare shi, zai gafarta maka, ya ba ka sabuwar zuciya. Sa'an nan ka tashi ka mayar da abin da ka riƙe na mutane, kamar yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi (Luka 19:8). Ka fasa tiya ta biyu. Kada ka bari sai gobe.

In kana so ka ƙara sani, ka nemi mai bishara ko majami'ar da ke kusa da kai.