Santambul da Badala

Bayan kakar bara, wani ɗan kasuwar hatsi daga nan Rimin Gado ya ɗauki uwargidansa suka tafi Turkiyya, suka yi kwana bakwai a birnin Santambul. Da labari ya iso majalisa, abin da muka fara tambaya shi ne ko Hajiya ba ta da lafiya. Aka ce lafiyarta ƙalau. To, saro kaya suka je? Aka ce a'a, kallon gari kawai. Sai muka hau lissafi: buhun taki nawa kuɗin jirgi zai saya, shanun huɗa nawa, marayu nawa za su ci su ƙoshi. Kafin a kira la'asar mun yanke hukunci cewa almubazzaranci ne.

Hukuncin nan yana da tushe. Mu manoma ne, mun san gumin da ake zubarwa kafin Naira ta shigo hannu. Wanda maƙwabcinsa ya kwana da yunwa, ko ake bin sa bashi, ko bai fitar da zakkar hatsinsa ba, ba shi da bakin cewa zai je kallon gine-gine. Amma iya saninmu, mutumin nan ya sauke waɗannan haƙƙoƙi. Saura tambaya ɗaya: kuɗin da aka kashe domin a je a gani, ɓarna ne?

Mu fara duba inda namu yake tafiya. Akwatunan lefe, anko kala uku, liƙi a wurin biki, raguna biyu ranar suna ko da bashi ne. Ba mu cika kiran wannan ɓarna ba, hasali ma wanda ya ƙi yi shi muke zagi. Kuɗi ne da ake kashewa domin a gan mu, mun kuwa yarda da shi tunda muna cikin masu kallo. Wanda ya kashe nasa domin shi ya gani bai ba mu komai mun kalla ba, watakila abin da ya ɓata mana rai ke nan.

Akwai kuma wadda ya tafi da ita. Kakanninmu matafiya ne: fatake sun je Gwanja neman goro, alhazai sun ratsa Sudan a ƙafa shekara da shekaru, almajirai sun yi gabas. Sai dai yawanci tafiyar maza ce, kuma ta neman wani abu. Mace kan fita ne don biki, asibiti ko aikin Hajji. Miji ya ware mako guda yana yawo da matarsa, suna hira babu yara babu masu ciniki, abu ne da ba mu saba gani ba, sai muka lulluɓe rashin sabonmu da lissafin taki.

Me suka gani? Sun shiga Aya Sofiya, wadda aka kammala a shekarar 537 a matsayin coci. Da Sarki Muhammad al-Fatih ya ci birnin a 1453 ta zama masallaci, gwamnatin Ataturk ta mayar da ita gidan tarihi a 1934, aka sake buɗe ta ga masallata a 2020. Daula ta zo ta shuɗe, wata ta gaje ta, ginin yana nan. Sun ziyarci kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari, wanda ya sauki Annabi (SAW) a gidansa a Madina. Sun bi gefen ganuwar birnin mai kusan shekara 1,600. Alƙur'ani kansa ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa domin ɗaukar darasi daga waɗanda suka gabata.

Duk da haka, ba kowane mai zuwa ne ke gani ba. Wani hoto kawai ya je ɗauka ya ɗora a Facebook, ya dawo bai san ko wa ya gina abin da ya tsaya a gabansa ba. Wannan lefe ne aka sake wa akwati. Sai an dawo ake gane wace iri ce tafiyar.

An ce a hanyarsu ta komawa gida daga filin jirgin Malam Aminu Kano, da suka zo wajen Kabuga, Hajiya ta hango guntun badala ta ce, "Alhaji, ashe mu ma muna da tamu?" Ta sha wucewa ta nan, ba ta taɓa ɗaga ido ba sai ran nan. Sarki Gijimasu ne ya fara wannan ganuwa tun ƙarni na 12, kafin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta ya kuma kafa kasuwar Kurmi. Yau mu ne muke yasar ƙasarta, muna yanka filaye a kanta, muna zuba mata shara.

Mu da muka ce Santambul ta yi tsada, gaskiya muka faɗa, yawancinmu ba za mu iya ba. To amma daga Rimin Gado zuwa Gidan Makama, ko marinar Ƙofar Mata, ko saman Dala, kuɗin mota ne kawai, a je da hantsi a dawo kafin magariba. Mu nawa ne muka taɓa ce wa iyalinmu su shirya mu je?