Saye Ne Ko Haya?

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, alhali kwamfutoci da yawa masu ƙoshin lafiya ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wasu masu su suka koma Linux, kuma a wajen kwashe kaya ne wata tsohuwar tambaya ta taso: abin da mutum ya biya kuɗinsa amma ba shi da ikon tafiya da shi, nasa ne? Malaman fiƙihu sun bambance saye da haya. Mai saye ya mallaki abin kansa, mai haya kuwa amfaninsa kaɗai, zuwa wa'adi sananne. Dukansu halal ne. Abin ƙi shi ne a karɓi kuɗin mutum da sunan saye, a damƙa masa haya marar wa'adi. Haka ta faru a 2024, da kamfanin Ubisoft ya rufe wasan The Crew, ya mutu a hannun waɗanda suka biya. Irin wannan ne ya sa jihar Kalifoniya ta yi doka a shekarar, ta tilasta wa masu sayarwa su fito fili idan lasisi kawai suke bayarwa.

Za a ce ba adalci ba ne a ɗora wa kamfani hidimar kowace manhaja har abada. Gaskiya ne, amma ba hidima ake nema ba, a bar ƙofa a buɗe kawai. Misali, Wine, manhajar da ke sa manhajojin Windows su yi aiki a Linux, ta faro tun 1993, kamfanin Valve ya gina Proton a kanta a 2018, yau dubban wasannin Windows suna tafiya a Linux ba tare da masu su sun sake rubuta su ba. Za a kuma ce wasanni irin su Valorant suna ƙin Linux ne don maganin masu maguɗi. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe, domin haƙƙin sauran 'yan wasa ake karewa, muddin an faɗi sharaɗin tun farko.

Inda babu uzuri shi ne abin da mutum ya rubuta da hannunsa. Wasiƙa, lissafin kasuwanci da hotunan iyali amana ce a hannun manhaja, kuma mai riƙon amana ba ya gindaya sharaɗi kafin ya mayar. Tsarin adana rubutu na OpenDocument ya zama ma'aunin duniya tun 2006, don haka kulle rubutun mutane a tsarin da manhaja ɗaya ce ke buɗe shi zaɓi ne, ba larura ba. Mai kwamfuta ma da nasa nauyin: ya adana kayansa a buɗaɗɗen tsari, ya ajiye kwafi a waje, ya tambaya kafin ya biya.